Tsakanin Goyo da Ƙofar Asibiti: Tafiya Zuwa Augie

Da hantsi motarmu ta bar tashar Birnin Kebbi ta miƙi hanyar Argungu. Watan Satumba ne, gero ya yi kai, wasu ma sun fara girbi, amma ruwa bai janye daga fadama ba. Duk inda hanya ta kusanci gulbi sai ka hango shinkafa kore shar har iyakar ganinka, da masu kwale-kwale suna ratsa gefenta, da yara a bakin kududdufai suna jefa ƙugiya.

Wannan ruwan shi ne arzikin ƙasar Kabi, shi ne kuma gidan sauro. Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a faɗin Nijeriya a 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Jihar Kebbi da aka gwada, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 22 ne. Babu jihar da ta kamo ta. Kafin nan, binciken lafiya na 2018 ya ƙiyasta cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ba sa kaiwa shekara biyar. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Wanda ya tashi a ƙauye ba ya bukatar a fassara masa wannan lissafi, domin ya sha tambayar mace 'ya'yanta nawa, ta ce masa takwas ta haifa, biyar ke raye.

Wata ƙawata tun ta makaranta, ma'aikaciyar lafiya a matakin farko, ita ta gayyace ni. Ta ce ta gaji da jin mutanen birni suna cewa jahilcin uwaye ne ke kashe yara a karkara, in zo in ji da kunnena abin da matan suka sani da abin da ba su sani ba.

A Argungu na canza mota. Baƙo ya fi sanin garin da bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka fara a 1934, da gidan tarihin Kanta. Ba kowa ya san cewa Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, shi ke shugabantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ba, kwamitin da ya yi aiki ƙwarai wajen shawo kan iyaye su yarda da rigakafin shan inna. Augie tana arewa da Argungu, cikin masarautar, kuma ba nisa. Kafin azahar na sauka.

Bayan la'asar ƙawata ta kai ni wani babban gida a cikin gari, inda mata suka taru a tsakar gida, kowace da goyo ko ɗan tatata a gefenta. Wata dattijuwa da kowa ke kira Inna ita ce uwar gidan, ita ce kuma ungozomar unguwar shekaru masu yawa. Da muka gama gaisawa na tambaye ta yadda uwa ke gane yaro ba shi da lafiya. Ta dube ni da mamaki.

"Ɗiyata, wadda ag goye da shi ita ka fara sani. Tun ga baya kina jin zahinai ya canza. In ya saki nono, ko wasa yar rage, ko kukanai ya yi daban, ai ba sai an hwaɗa miki ba."

A kan zazzaɓi, wanda su ke kira masassara, ban ji wadda ta yi tuntuɓe ba. Sun san sauro ke kawo ta, sun san ta fi ƙarfi daga tsakiyar damina zuwa kaka. Wata matashiya ta buɗe tafin hannun ɗanta ta nuna mini, ta ce in ya yi fari fat, in kuma ta ja fatar idonsa ta ga cikin ba ja, to jini ya ƙare, sai asibiti. Wannan ita ce dubawar da ake koya wa ma'aikatan lafiya a aji, ita kuwa a wajen surukarta ta koya. Matsalar da na gani ta ɓullo ne daga wani gefen. Duk zafin jiki a wurinsu masassara ce, don haka gwajin jini na ɗan yatsa, wanda ba ya wuce minti 20, suna ganinsa ɓata kuɗi da lokaci. Maganin zazzaɓi na ACT kuwa kwana uku ake shan sa, safe da yamma, amma da yawa sun faɗa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa da zarar jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai su ajiye sauran, saboda gobe ƙaninsa zai kwanta. Ban ga abin zargi a nan ba. Mace mai yara biyar da ba ta da tabbacin kuɗin gobe, dabara take yi. Sai dai dabarar tana barin ragowar cutar a jinin yaro, ya sake kwanciya bayan mako biyu, jininsa na ƙara raguwa.

Da aka zo kan gudawa hira ta ɗau zafi. Kusan dukkansu sun yarda cewa yaro ɗan wata shida zuwa shekara in ya fara zawo da zafin jiki, haƙora ne, kuma zawon haƙora ba a kai shi asibiti, da kansa yake wucewa. Ƙawata ba ta musa musu kai tsaye ba. Tambayarsu ta yi: a wane lokaci yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki? A wane lokaci ake fara ba shi kunu da ruwan randa? Suka ce lokacin fitar haƙora. Ta ce to ga inda ƙazanta ke shiga cikinsa, haƙorin dai ya tarar da ciwon ne a hanya. Wasu suka gyaɗa kai. Inna ba ta gyaɗa ba, ta ce ita ta raini yara sun fi a ƙirga, kuma haƙora na sa zawo. Aka bar ta a kan haka, domin abin da ƙawata ke nema a wurinta ba sai ta canza sunan ciwon ba. Ko me aka kira shi, a dama ruwan gishiri da sukari na leda da tsabtataccen ruwa gwargwadon yadda aka rubuta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, a ba shi ƙwayar zink kullum har kwana goma ko da zawon ya tsaya, kuma kada a janye nono. Ledar kam kowace ta santa. Zink ɗin ne 'yan kaɗan suka taɓa ba yaro har ƙarshe.

Daga nan aka gangaro kan maɗiga. In maɗigar jariri ta faɗa ciki, akwai masu haɗa magani su shafa a kan, akwai masu kai shi wurin mai magani a ɗaga masa ganda da yatsa. Idon uwa ya ga gaskiya, maɗiga ta faɗa, kuma alama ce ta hatsari. Amma ruwan jikin yaron ne ya ƙare, abin da yake bukata ta baki zai shiga, in ya kasa sha kuma sai ƙarin ruwa a asibiti, a ranar, ba gobe ba. Haka zancen belu: yaro na amai ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ce belu ne, a kira wanzami ya cire. Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, a ƙara masa rauni a maƙogwaro ya kasa haɗiya.

Inda na ga gibi na gaske shi ne numfashi. Na tambaya ko akwai tarin da ke sa su tashi tsaye. Suka ambaci tarin shiƙa, suka ambaci tarin da ke biyo bayan ƙyanda. Ciwon haƙarƙari, wato limoniya, sun ji sunansa, amma sun ɗauka sanyi ne ya shige yaro, maganinsa a rufe shi da zane mai kauri, a shafa masa man zafi, a gasa masa ƙirji da tsumma. Ba wadda ta ambaci saurin numfashi da kanta. Ƙawata ta karɓi wata jaririya da ke barci, ta ɗage mata riga, ta ajiye waya a gefe tana duba minti guda, muna kallon cikin yarinyar yana tashi yana sauka. Ta ce jaririn da bai kai wata biyu ba, in numfashinsa ya kai 60 a minti, akwai matsala. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ba a jira a ƙirga. Maganin, in an kama shi da wuri, ƙwayar amoksisilin ce da ake narkawa a cokali, mai araha. Tsakar gidan ta yi tsit. Sai wata ta ce a hankali, ɗanta na fari haka ya riƙa yi kwana uku, su suna ta gasa masa ƙirji. Ba ta ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaye ta ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Saƙon sauro ya shiga ko'ina, rediyo ta faɗa, masu raba gidan sauro sun faɗa. Saƙon ruwan gishiri da sukari ya shekara fiye da talatin yana yawo. Limoniya kuwa, wadda ke cikin manyan cututtukan da ke kashe yara a duniya, an bar ta a cikin littafin ma'aikata. Matan da ke gane ƙarancin jini daga tafin hannu ba za su kasa gane saurin numfashi ba. Ba a nuna musu ba ne.

Jijjiga ce ta fi raba kawuna. Yaro na zazzaɓi sai ya ƙanƙame, idanu su juye, haƙora su datse. Wasu suka ce tsuntsu ne ya buge shi, wasu suka ce iska, kuma duka biyun ba na asibiti ba ne. Akwai ma masu tsoron cewa allura na ƙarasa irin wannan yaro. Sai a yi hayaƙi, a nemo rubutu, a cusa cokali a baki, a ɗura masa jiƙo yana sume. Ni Musulma ce, na yarda da addu'a, kuma ba zan ce wa uwar da ɗanta ke jijjiga kada ta yi masa tofi ba. Amma tofi ana yin sa a kan babur, a kan hanya. A wannan yanki, a wannan wata, yaron da zazzaɓi ya kai shi ga jijjiga ana ɗaukarsa a matsayin mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har sai an tabbatar da akasin haka, kuma awoyi ne ke raba shi da mutuwa. Abin da ake so shi ne a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki, a tafi. Haka in ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba ya gane mutane. Waɗannan huɗun su ne alamomin hatsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba.

Da magariba muka tsaya a wani kemis. A ɗan zaman da na yi a kan benci, ban ga yaro mara lafiya ko ɗaya ba, 'yan aike na gani. Yarinya 'yar shekara takwas da kuɗi a dunƙule: "An ce a ba ni maganin zawo na jariri." Wani yaro: "Na masassara, na ɗari biyu." Mai kemis ya yanko ƙwaya biyu daga kati, ya haɗa da farasitamol, ya ƙulle a leda. Bai ga mara lafiyan ba, bai san watanninsa ba, gwargwadon kuɗin aka yanka maganin. Na yi magana da shi, mutum ne mai kirki, ya ce in ya ce a kawo yaron ko a saya cikakke, shagon gaba za a tafi. Shi ne likitan farko na yawancin yaran unguwar, yana buɗe har dare, yana ba da bashi, ya san kowa. Duk shirin da ya tsallake irinsa ya tsallake ƙofar da aka fi ƙwanƙwasawa.

Kashegari muka hau kabu-kabu zuwa wani ƙauye a gefen fadama. Inda ruwa ya cinye hanya muka sauka, aka ɗora babur a kwale-kwale. A can na zauna da wata mata da 'yarta ta tsallake rijiya da baya a daminar da ta wuce. Ta ba ni labarin daki-daki. Da safe ta ji jikin yarinyar da zafi, ta aika kemis. Da azahar yarinyar ta ƙi nono, a nan ta san ba lafiya. Maigida yana fadama, wayarsa ba ta shiga. Ta gaya wa surukarta, ta ce a jira shi. Ya dawo bayan magariba, ya duba, ya ce a tafi, amma babu kuɗi a hannu, sai ya zaga wurin mai sayen shinkafa ya karɓo. Kafin ya dawo an yi isha'i, mai babur ya ce ba ya bin hanya da dare. Tun bayan harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai garin Mera a watan Nuwamba na 2024, inda aka kashe mutane, fitar dare ta zama abin da kowa ke aunawa a ƙaramar hukumar Augie. Sai da asuba suka kama hanya. A asibiti aka ce jini ya ƙare, uban ya ba da nasa, yarinyar ta rayu.

"Malama, tun azahar na sani," in ji ta. "Sani dai ba ya tada babur."

Daga azahar zuwa asuba, ba minti ɗaya da ya tafi a kan rashin sanin uwa. Izini, kuɗi, hanya, tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan wadda ta san yoyon ba ita ke riƙe da tsani ba. Shi ya sa nake ganin tara mata a ƙarƙashin bishiya ana ta karanta musu alamomin ciwo, maza kuma na can majalisa, rabin aiki ne.

Na roƙi a haɗa ni da mazan. Bayan la'asar aka shimfiɗa mini tabarma a bakin zauren mai unguwa, dattawa da magidanta suna daga ciki. Na tambaye su alamomin da za su sa a kai yaro asibiti cikin gaggawa. Jijjiga suka iya ambata, da "in ya yi tsanani". Matansu sun fi su sani nesa ba kusa ba, su kuwa su ke yanke hukunci. Wani magidanci ya ce shi ba ya hana matarsa, amma in ka je asibiti akwai kati, akwai gwaji, a rubuto magani ka saya a waje, ga kuɗin babur zuwa da dawowa, ga yinin gona ya tafi. Kemis kuwa sau ɗaya za ka biya. Maganarsa gaskiya ce, kuma amsarta tana hannun gwamnati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki, da magani, da ma'aikaci. Magidancin nan ba zai auna dokar da takarda ba, da abin da ya tarar a kan kanta ranar da ya kai ɗansa zai auna ta.

Sai wani dattijo, manomin shinkafa, ya yi gyaran murya. Ya ce shi tun da ya binne jikoki biyu a damina ɗaya ya tara 'ya'yansa da matansu ya yi musu magana ɗaya: in yaro ya kwanta, kowace mace a gidansa tana da izini, ko mijinta na nan ko ba ya nan, ba sai ta jira kowa ba. Duk kaka kuma yana ware buhu guda, a sayar, kuɗin su zauna a hannun uwargida, ba a taɓa su sai don ciwon yaro. Ya kuma yi magana da wani mai babur maƙwabcinsu, ko ƙarfe nawa ne a buga masa ƙofa, a biya daga baya.

"Ranka ya daɗe," ya juya ga mai unguwa, "wanga ba sai gwamnati ta zo ba. Liman ya hwaɗe shi ran Juma'a, kowa ya ji."

Mai unguwa ya ce zai yi wa liman maganar. Wasu matasa suka yi gunaguni a kan zancen izini, ba kowa ya gamsu ba, aka tashi a haka da kiran magariba.

Kwanakin da na yi sun dace da zagayen rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 domin ƙasashen Sahel. Masu rabo na bi gida-gida sau ɗaya a wata, suna ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. Matan sun karɓe shi hannu biyu, sun ce sun ga bambanci a yawan kwanciyar yara, ƙorafinsu kawai wasu yaran na amayar da shi. Na lura da abu guda: an amince wa uwa da ƙwaya da kati, an yi mata bayani a ƙofar ɗakinta da harshenta, kuma mafi yawansu sun riƙe amanar.

Ranar da zan tafi na biya wurin aikin ƙawata, ranar allurar rigakafi ce, layi har waje. Tun ranar 2 ga Disamba 2024 aka fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 a Nijeriya, kuma da Kebbi da Bayelsa aka fara. Sau huɗu ake yin ta: a wata biyar, wata shida, wata bakwai, sai ta ƙarshe a wata 15, lokacin da ake yin ta ƙyanda ta biyu. Ƙawata ta ce ta farko ba ta ba ta wahala, mata na zuwa da kansu suna tambaya. Ta huɗun ce damuwarta, domin a wata 15 yaro ya fara tafiya, wataƙila uwar na da wani cikin, kati ya shige ƙasan akwati. Tana kuma nanata wa kowace cewa allurar tana rage ciwon ne, ba ta kore shi ɗungurungum ba, gidan sauro da gwajin jini suna nan daram.

Kafin ta fara allura ta sa kowace mace ta kwance goyonta ta ɗora a cinya, ta ɗage rigar yaron. Ta ɗaga waya sama ta ce su fara ƙirge, in ta ce tsaya su faɗi abin da suka samu. Waɗanda lissafi ya kuɓuce musu suka sake, ana dariya. Wata ta ce ita ba ta da waya ba ta da agogo, ƙawata ta ce ta kwatanta numfashin mara lafiyan da na ɗan maƙwabta sa'ansa mai lafiya, ta kuma duba ƙasan ƙirji. An samu yaro ɗaya a layin, ɗan wata tara, da tari da numfashi 56. Aka fitar da shi daga layi, aka sake ƙirgawa, aka fara masa amoksisilin nan take, aka ce uwar ta dawo da shi bayan kwana uku, ko kafin nan in ya kasa sha. Ni kuma mai babur ya iso, ya kai ni tasha, na samu motar Argungu saura mutum biyu ta cika.